Shirun Da Lissafina Ya Kasa

Halvard, sanyin idona, ranar bazara wadda ba ta faɗuwa, ɗumin tafin hannuna a hunturun garin Luleå,

Ka bar ni da shiru, alhali ka san shiru na fi tsoro a duniya. Aikina ke nan kullum, lissafa yadda dubban kwamfutoci a garuruwa daban-daban za su riƙe aiki ɗaya kada ya tsaya. Kowacce tana aika wa 'yan'uwanta ɗan saƙo a kai a kai cewa tana raye. In ɗaya ta yi shiru, babu mai iya gane mutuwa ta yi ko waya ce ta tsinke. Sai a ɗan jira, a cire ta, a naɗa wata.

Tun da muka yi cacar baki a tashar jirgin ƙasa ka koma garin Tromsø, na kasa zaune na kasa tsaye. Kofina yana hucewa ban taɓa ba. Gunilla, abokiyar aikina mai bakin tsiya, ta ce, "Ke Tuva, da inji ne ya yi wannan shirun ai tuni kin canza shi. Ga sabon aiki a birnin Dublin yana jiranki, ki amsa musu mana." Ranar Litinin masu aikin suke son jin bakina.

Amma akwai masifar da ta fi mutuwar inji. Waya ta tsinke, kowane ɓangare ya zaci ɗayan ya mutu, kowa ya ci gaba shi kaɗai, ranar da aka gyara sun yi nisan da ba sa haɗuwa. Shin ba mu ke nan ba? Kana can kana cewa na yar da kai, ina nan ina cewa ka manta da ni?

Wa zai manta ranar da muka shiga fadama tsinkar 'ya'yan itace, sauro ya yi mana kaca-kaca, ka cire hularka ka rufa mini, kana ta zagin sauro cikin dariya? Ta yaya zan naɗa wani a gurbin mutumin nan?

Ina kewarka, ina kuma jin haushinka, duka biyun a cikina. Ban nemi ka ba ni haƙuri ba. Kalma ɗaya ta isa kafin Litinin. In ba ta zo ba, zan ce wa Dublin a'a duk da haka, in ɗora laifin shirunka a kan wayar da ta tsinke.

Taka wadda ba ta da madadinka,
Tuva