Keke ba ya cin harawa

Attantane, daren Laraba, watan bakwai, har yau ba ruwa

Jakina na sai da wa maƙwabcina Malam Idi, don ko kara babu da zan ba shi. Na sayi keken nan mai kaurin taya a Tasawa, mai gyara ya rantse don hawan dutse aka yi shi. Ina dutse a ƙasarmu? Rairayi ne kawai.

Yau soji suka raba gero a Mayahi. Na ɗaure buhu a baya, na cika tayoyi da iska tam, yadda kowa ke yi in zai ɗauki kaya. Keke ya nutse cikin rairayi. Wani mai wucewa ya ce in rage iskar. Na rage, taya ta fashe. Wanne ne daidai? Wallahi ban sani ba.

Ina zaune cikin rana sai ga Malam Idi bisa jakin. Ya ce, "Malam Sani, aza buhun, aza keken ma."

Muka taho a ƙasa mu biyu. Jakin ya tsaya ƙofar gidana da kansa, ya ƙi gaba. Mai ɗakina ta fito da ruwa, ta ba jakin kafin ni.