Baraguzai aka juye a gonar marayuna, kakansu yana zaton taki ne

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gurup. Admin, don girman Allah ka saka min wannan amma ka ɓoye sunana, domin akwai 'yan garinmu a nan. Shawararku nake nema, kaina ya ƙulle, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni 'yar Birnin Kudu ce, aure ya kai ni wani ƙauye a ɓangaren Fagam ta ƙasar Gwaram. Maigidana Allah ya yi masa rasuwa bayan an gama girbin bara, ya bar ni da yara huɗu, da gona guda ɗaya a bakin titi. Da aka zo rabon gado mahaifinsa, wato surukina, wanda duk gidan muke kira Baba, ya ce ya yafe wa jikokinsa kasonsa, shi ke nan gonar ta zama ta yara. Da geronta muke ci shekara ta zagayo, ba mu da wani abin bayan ita. Baba tsoho ne, idonsa ya tafi, sai dai ya gane haske da duhu, ga hawan jini, tun ranar da aka binne ɗansa ya faɗi sau ɗaya, likita ya ja mana kunne cewa kada a riƙa faɗa masa abin da zai tayar masa da hankali.

Waɗanda suka san ƙauye sun san al'adarmu, da rani ake kai wa gona taki. Wanda ba shi da dabbobi yakan roƙi masu kwasar juji, su kawo masa tsohuwar sharar da ta ruɓe, toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi, a zuba tsibi-tsibi a gona, in damina ta matso a baza. Har godiya ake yi wa wanda ya kawo. To ina cikin takaba, ba na fita, ƙanin mijina kuma ya tafi ci-rani, ashe Baba yana ta tunanin wa zai yi wa gonar marayu taki bana. Wata rana yana zaune wajen mai shayi ya ji ana hira da wani direban tifa, sai ya roƙe shi, ya ce in ya samu juji don Allah ya kawo mota guda gonar jikokinsa, har ya sa aka nuna masa wurin. Direban ya ce an gama, Baba.

Jama'a, wannan bawan Allah ashe wani tsohon gida aka rushe a cikin gari, shi aka bai wa aikin kwashe baraguzan, yana neman inda zai zubar a kusa don kada ya ƙona mai. Ba mota ɗaya ya kawo ba, ya yi ta sawu har ya gama aikinsa. Da wasu suka ga wuri ya zama bola, su ma suka fara kawo nasu. Maƙwabtan gona suna gani amma babu wanda ya zo ya faɗa min, wai sun ji an ce Baba ne ya ba da izini. Shi kuwa Baba murna kawai yake, har zakaransa ya sa aka kama aka kai wa direban tukuici. Kullum in na kai masa abinci sai ya ce min, 'yata, ban da ƙarfin riƙe fartanya amma na yi wa yaran nan taki, bana za ki ga gero. Ni ma ina ta yi masa godiya.

Da na fita takaba na je gonar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi na tsaya a bakin titi ina kallo. Fiye da rabin gonar babu ƙasa, sai fasassun bulo, da manyan kankare da rodi ya yi tsiri-tsiri a jikinsu, da tayil, da gilashin taga, da tsohon silin, da ruɓaɓɓun katifu, har da mataccen firij da fasasshen masai irin na zama. A wurin da marigayi yake shimfiɗa buhu ya ci abinci in na kai masa, nan aka jibge masan. Na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwa.

Na kira ƙanin mijina ya dawo. Muka gwada kwashewa da hannu da baro, ni da shi da yara, muka yi ta fama amma kamar ba a taɓa ba, kankaren nan ko maza biyar ba sa motsa shi. Gilashi ya yanke 'yata ta biyu a tafin ƙafa sai da aka yi mata ɗinki, har yau ɗingishi take, muka ce wa Baba kara ta taka. Mai shanun da yake mana huɗa ya zo ya duba, ya ce shi ba zai saka shanunsa a cikin ƙusoshi da rodi ba, ban ga laifinsa ba. An ce sai an kawo katafila da tifa, ni kuwa ko a mafarki ba ni da halin wannan.

Na je har tasha na samu direban. Na so in yi magana a hankali amma ina ganinsa yana sakace haƙori raina ya tashi, na faɗa masa maganganu, na ce ya ci zakaran makaho ya cuci marayu, Allah ya isa. Ko a jikinsa. Ya ce shara aka ce ya kawo, shara ya kawo, kuma yana da shaidu a wajen mai shayi, in na isa in kai shi kotu, shi dai abin da zai nema a kawo tsohon ya rantse bai ce a zuba ba. Na je wajen mai kwangilar da ya ba shi aikin, ya ce shi ya sallami direba, inda ya zubar ba ruwansa. Mai unguwa ya saurare ni, ya tausaya, ya ce zai iya kiran su duka a zauna a tilasta musu su kwashe, amma dole Baba ya halarta, tunda shi ne babba a gidan kuma daga bakinsa maganar ta fito. Yayana da ke Birnin Kudu ya tambayi wani lauya, shi ma ya ce ina da gaskiya, Baba ba shi da ikon ba da gonar da ba tasa ba, kuma taki ya nema ba baraguzai ba, sai dai duk inda aka je za a so a ji daga gare shi.

A nan muka saɓa da ƙanin mijina. Shi ya ce a bar maganar, mu shuka ɗan gefen da ya rage, bana mu yi haƙuri. Na tambaye shi haƙurin za mu tuƙa wa yara su ci? Kuma in ruwa ya daki kayan nan suka nutse, ciyawa ta rufe su, gonar ta mutu ke nan har gaba. Ya ce min in na faɗa wa Baba ya faɗi ya mutu, to in san ni na kashe shi, kuma dangi ba za su yafe min ba. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Ni kuma wallahi ina son tsohon nan, shi kaɗai ne bai taɓa nuna min cewa ni bare ce a gidan ba, kuma takin nan da yake zaton ya yi shi ne kaɗai abin da ya sa shi dariya tun da ɗansa ya tafi.

Shekaranjiya aka yi ruwan farko. Jiya da safe Baba ya kira ni ɗakinsa, ya lalubo wani ƙullin zangarniyar gero da ke rataye, irin da marigayi ya zaɓa da hannunsa bara, ya miƙa min ya ce in sussuke. Ya ce ranar Juma'a in an sauko daga masallaci in kama hannunsa in kai shi gonar, yana so ya ji laushin takin, ya jefa irin farko ya yi addu'a, kamar yadda yake yi wa ɗansa duk shekara.

Don Allah ku ba ni shawara. In faɗa masa gaskiya in kai maganar gaban mai unguwa, ko in yi shiru in bar gonar yarana ta tafi? In faɗa masa zan yi, da wane baki zan fara, kuma wa ya kamata ya zauna kusa da shi? Maganar zuwa gona ranar Juma'a kuwa, na riga na ce masa to, Baba. Na san halinsa, yana isa zai cire takalmi ya durƙusa ya sa hannu a ƙasa, kuma gilashi zai taɓa.