Jar Motata da Kofin da Aka Ba Mai Taya

Ni ne mahaifinku, kuma da hankalina nake wannan magana, ko da likita ya ce zuciyar ta gaji. Ban yi makaranta ba. Auta ce ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini ko kalma ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina faɗa: kofin gasar ƙawata motoci nawa ne, aka ɗauka aka miƙa wa Mai Taya, mutumin da ya sayi motarsa a shirye, ko sifana bai iya riƙewa ba.

Na ɗaya. Jar motar ba ta sayarwa ba ce. Daga bola na jawo ta, kaji na ƙwai a kujerar baya. Shekara huɗu ina bugun jikinta, fenti hawa bakwai, kowane hawa da hannuna na goge. Mukullin yana wurin uwarku. Kada a wanke ta cikin rana.

Na biyu. Babba, kai ne makanike, akwatin sifanu naka ne. Dogo, injin feshi da gwangwanayen fenti naka. Gareji kuwa ɗaya ne. Katangar langa-langar nan da kuka kafa a tsakiyarsa, ku cire ta kafin a fita da ni.

Na uku, kuma shi ke hana ni sakat. Ranar gasar alƙalai uku suka zagaye motar. Ɗaya ya zura madubi a ƙarƙashinta, ya shafa farin hankici a bakin salansa, ya fito fes. Sai ya ce a buɗe bonet. Ga tsumma, baƙi ƙirin da mai, kwance a kan injin da na kwana uku ina gogewa! Aka ba ni na biyu, wata 'yar takarda. Mutum biyu ne suka taɓa bonet ɗin da safen ranar. Babba ya ce Dogo ne, Dogo ya ce Babba ne. Tun ranar ba ku ci abinci a kwano ɗaya ba, 'ya'yanku ma gaisuwar baƙi suke yi wa juna.

Na huɗu. Takardar tana ƙarƙashin katifata, a ƙona ta. A'a, a ba uwarku, ita ta ɗinke kujerun. In Mai Taya ya zo gaisuwa a ba shi wurin zama, amma kada a ɗaga masa tamfol ɗin motar.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe uwarku da ƙanwarku, kada gidan nan ya watse a bayana.

Amma ban gama ba. Ba dukan kowa zan yi ba, ƙarfin ya tafi, ba kuma zan hana kowa rabonsa ba. Na yafe tun kafin in ji. Ƙofar ɗakina a buɗe take, ina kwance ina sauraron takun kowa. Ɗayanku ya shigo shi kaɗai, ya dube ni, ya gaya mini: wa ya bar tsumman nan?