Tarin Umma a Cikin Kwamfutar Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni. Maganar nan ban faɗa wa kowa ba.

Yayana yana karatun kwamfuta. Aikinsa na gama makaranta shi ne koya wa na'ura bin motsin tumbi a bidiyon hoton ciki da ake ɗauka a asibiti. An ba shi aron bidiyoyin marasa lafiya, babu suna. Da yake hannuna ba ya rawa, ni nake zagaye masa bakin tumbin da koren layi idan na gama wanke-wanke, na'urar tana koyon zana nata layin daga nawa.

Akwai wani bidiyo. Toka-toka ne kamar hayaƙi, tumbin yana matsewa yana saki a hankali. Can sai hoton ya yi ƙananan girgiza, ya tsaya cak, sannan ya yi babbar girgiza. Anti, haka Ummanmu take tari. Bara ta rasu da ciwon ciki, kuma an sha yi mata hoton nan. Babu sauti, amma ina jin tarin a kunnena. Daidai nan layin na'urar yake sakin tumbin, ya sulale gefen da nake zaune, ya tsaya. Ban taɓa sauya wurin zama ba, ina tsoron kada ya biyo ni.

Yaya ya ce da ya gama za a goge bidiyoyin. Shi ya sa na fara karkatar da layina kaɗan-kaɗan, don kada na'urar ta ƙware. Jiya na same shi ya dafe kai, abincinsa ya huce. Gobe ma zan karkatar da layin.

Mai Kewar Umma

'Yata, Allah ya jiƙan Umma, ya sanyaya miki zuciya.

Layin nan ba ke yake nema ba. Idan mutum ya yi tari, hoton yakan dagule, na'urar ta rasa bakin tumbin, ta kama duk wani haske da ke kusa. Sauya kujera gobe, za ki ga inda ya saba zuwa zai je.

Ko Umma ce? Ban sani ba, kuma an cire sunayen ne don kada kowa ya sani. Bidiyoyin amanar marasa lafiya ce, dole a goge. Kewarki ba laifi ba ce, amma karkatar da layin cutarwa ce. Na'urar da ta koyi ƙarya, wata rana cikin uwar wani za ta duba.

Ki faɗa wa yayanki yau, ki nuna masa layukan da kika taɓa. Zai yi fushi, fushin zai wuce. Sannan ki roƙe shi ku kalli bidiyon tare kafin ya mayar. Ki kuma samu wata babba a gida ki riƙa yi mata hirar Umma. Kada ki manta, shi ma ya san tarin nan. Wataƙila ba aikin kaɗai ya sa shi dafe kai ba.

Allah ya ba ku haƙuri, ke da shi.