Ni ce ke lalata babur ɗin mijina ranar Lahadi

Salama a gare ku, mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Ina wuninku, ina gajiya, yaya iyali, yaya kuma haƙuri da wannan zamani? Don Allah a ɓoye sunana. Kafin wani ya zage ni, ya daure ya karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya hana ni sakat.

Ni Kirista ce, muna zaune a Talata Mafara da mijina da 'ya'yanmu mata biyu, ga kuma ciki ina ɗauke da shi. Mijina malamin makaranta ne a Bakura, a kan babur yake zuwa ya dawo. Ba fasto ba ne, ko dattijon ikilisiya bai kai ba. To akwai wani ƙauye can bayan Maradun inda aka haifi mahaifinsa, da wata 'yar majami'a ta laka. Tun da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, mai bisharar da ke wurin ya kwashe iyalinsa, matasa suka watse, aka bar tsofaffin da ba su da inda za su. Wata rana a kasuwar Talata wani ya gaya masa cewa tsofaffin nan har yanzu suna share majami'ar ranar Lahadi, su zauna, su yi waƙar da suka haddace, su tashi, don babu mai iya karanta musu Littafi. Ranar ko tuwo bai ci ba. Daga Lahadin nan ya fara zuwa.

Na yi magana, na yi kuka, na kai ƙara wurin yayansa. Na ce, "Malam, nan garin babu majami'a ne? Allahn da ke can ba shi ne a nan ba?" Ya ce, "Shi ne, Maman yara. Amma a nan sujada ba ta cin mini komai. Na sa riga mai guga, na zauna ƙarƙashin fanka, na dawo. Wanda ya ba da ransa domina, sai abin da ba ya mini zafi kawai zan riƙa ba shi?" Na ce, "Ran naka ba naka ba ne kai kaɗai!" Ya ɗaure Littafinsa a bayan babur, ya tafi. Ku gaya mini, wace mace ce za ta iya wuni tana kallon ƙofa, ko wayar maƙwabta ta yi ƙara gabanta ya faɗi?

Shi ne wata Lahadi da safe, yana wanka, na je na sassauta wayar fulogi. Ya buga, ya buga, babur ya ƙi tashi, kafin a gano matsalar rana ta yi. Muka tafi majami'armu ta gari tare, ina riƙe da hannun yara, wallahi ranar har da ƙarfi na yi waƙa. Da na ga abin ya yi, sai na ci gaba. Wata rana in sace iskar taya, wata rana in ɗiga ruwa a tankin mai. Ina tsaye ina ce masa, "Ka gani? Ƙila Ubangiji ne ke hana ka." Kun ji fa, da sunan Ubangiji na rufe ƙaryata. Ni da nake gaba-gaba a zumuntar mata!

Abin da ban zata ba, sai ya ce tunda babur ba ya son Lahadi, zai riƙa bin motar 'yan kasuwa ranar Asabar da la'asar, ya kwana a ƙauyen. Na so in hana shi awa kaɗan a hanya, na jawo masa kwana a bakin daji. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, kunya ta rufe ni.

Asabar ɗin da ta wuce aka tare motarsu. Aka sauke su, aka karɓe wayoyi da takalma, aka zane su da bulala, aka tafi da mutum biyu, shi Allah ya sa aka bar shi. Kun san me ya yi? Bai juyo gida ba. Da ƙafa ya ƙarasa ƙauyen, ya jagorance su a sujada da bayansa a farfashe. Ranar Litinin ya shigo gida sanye da silifas ɗin wani tsoho, yana rungume da kaza. Ya ce wata makauniyar tsohuwa, wadda kowa ke kira Inna, ita ta ba shi. Kazar ke nan gare ta. Ta ce, "Ka kai ma matar taka. Ka ce mata mun san ba kai ɗai ka bayarwa ba, ita ma baiko ta yi ma Allah, ta ba mu mijinta." Ina gasa masa baya da ruwan zafi yana ba ni wannan saƙo, sai tsumman ya faɗi daga hannuna. Ya ce, "Kin ga? Har can an san haƙurinki." Ni kuwa na san ba don ni ba, da ba ya cikin motar nan.

Tun ranar ba ni da natsuwa. In ɗora tukunya in manta, in fara addu'a in tsaya a tsakiya. Kazar tana nan a tsakar gida, na kasa yankawa, na kasa kallonta. Wani lokaci in ji haushinsa, don me zai fifita tsofaffi a kan cikin da ke jikina? Wani lokaci kuma kishinsa nake ji, don ni ban taɓa ba Allah abin da ya taɓa zuciyata ba, sai ragowa. Har yanzu ban ga laifin tsorona ba, laifin ƙaryar nake gani.

Jiya kuma ya tura babur ɗin zuwa zauren maƙwabcinmu, wani Alhaji mahauci mai mutunci, ya ce daga yanzu can babur ɗin zai riƙa kwana. Bai ce mini don me ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Lahadi zan tafi, in Ubangiji ya yarda. Ina so wannan karon ke za ki yi mini addu'ar tafiya." Ya sani ne? Ko ni ce zuciyata ke tona ni?

In na faɗa masa, da wane ido zai sake kallona? In na yi shiru, da wane baki zan yi wannan addu'a? Kuma ko ya gafarta mini, ban sani ba ko zan iya sakin hannunsa a bakin ƙofa. Iyayena, 'yan'uwana, Kirista da Musulmi duk ina saurare, ga Lahadi ta matso. Me zan yi?