Ashe Shaho Ne

Laraba da dare, Buza.

Alhamdu lillahi, yau na kama ɓarawon ƴan tsakin Inna. Sati biyu ke nan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta rantse kyanwar maƙwabciyarmu Hajiya Rabi ce, har suka daina gaisawa. Shekara talatin suna zaman lafiya!

Kwana uku ina laɓewa bayan rumbu da salula a hannu. Yau da hantsi sai ga shaho ya sauko kamar an jefo shi. Na yi maza na ɗauki hotuna, ɗaya ya fito sarai, ga shi bisa katanga da ɗan tsako cikin farcensa.

Na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wayyo, na ɗauki alhakin baiwar Allah." Ta yafa mayafi, ta ce in ba ta salular ta kai wa Hajiya. Har la'asar ina jiyo dariyarsu ta kan katanga.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne tsuntsun nan yana da kyau. Gobe ma zan jira shi, amma sai na rufe kaji tukuna.