Wanzamin gidanmu ya haɗa baki da 'ya'yana

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan gida. A ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wanzamin gidanmu ya ci amanata, ya haɗa baki da 'ya'yan cikina sun mai da ni wawa a unguwar da aka haife ni.

Ni ɗan kasuwa ne, igiya da tabarmi nake sayarwa a Kurmi, gidanmu na gado yana gindin Dala. Boko ban yi nisa ba, don haka mai son gyara min rubutu ya riƙe abinsa. Ina da samari biyu, babban ya gama sakandare, ƙaramin yana bin sa. Dokata a gida ba ta da yawa, wando ya zauna a ƙugu, ba sarƙa a wuya, kai kuma a kwashe shi ƙwalkwabo da aska yadda aka yi mana. Wannan askin na 'yan ƙwallo da ake share gefe a bar tuli a tsakiya kamar an kifa kwano, na ce duk wanda ya yi shi kada ya tako min zaure.

Wanzamin nan, bari in kira shi Malam Iro, ba ni na zaɓe shi ba, gadonsa na yi. Ubansa ne ya yi min askin suna, shi kuma ya yi wa yaran nan nasu har da kaciya. A da yana zuwa da zabirarsa ya yi musu a zaure ina kallo. Tun wajen azumin bara ya ce ƙafa na damun sa, in riƙa tura su rumfarsa. Na ce to. Daga nan sai yara suka kama sa hula, safe da rana, har tuwo da hula ake ci. In sun dawo daga aski in duba ƙeya da gefen kunne in ga fes, sai sheƙi. Daɗi ma na ji, har na sayo musu sababbin kube. Mutane a masallaci suna ce min "Alhaji, ma sha Allah, samarinka akwai kamala", ni kuma ina ta washe baki.

Abin da ban lura ba shi ne sun daina alwala a inda nake, kullum sai su ce sun yi a cikin gida. To uwarsu ta haihu, an samu namiji, gida ya cika da mata 'yan barka, ruwan randa ya ƙare. Ran Juma'a na fito na tarar da babban a tsugune da buta a bayan masallaci, bai gan ni ba. Ya zo shafar kai ya ɗaga hula. Jama'a, suma ce tuli guda an murɗe ta, har da wani layi da aka tsaga a gefe. Ashe iya inda hula ba ta rufewa Malam Iro yake askewa. Na kira ƙaramin na cire tasa da hannuna, shi ma haka.

Ban dake su ba. Na tambayi wanda ya koya musu, babban ya ce ba kowa, wai su kaɗai ake kira masu kan ƙwarya a cikin abokai. Ni ban yarda ba. Da hula ake kwana? Uwarsu ce ke tashin su sallar asuba, amma da na tambaye ta sai ta ce wallahi ba ta kula ba, ta juya tana gyara wa jariri zani. Tsohuwata kuma dariya ta yi, wai gashi ne fa, tsirowa yake. Har masu yabon kamalar nan yanzu ina tuno fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, akwai wani tela maƙwabcina da bai taɓa faɗa ba sai da murmushi. Ciwon ƙafar ma, an gaya min a ƙasa Malam Iro yake zuwa suna har Goron Dutse. Yanzu duk wanda ya gaishe ni bakinsa nake kallo.

Jiya na je rumfarsa. Bai musa ba. Ya ce yaran ne suka roƙe shi, in ya ƙi gun masu aski da kilifa za su tafi su kwaso abin da ya fi aski, gara suna hannunsa. Na ce me ya hana ka gaya min, ya ce ya san halina.

Ga shi jibi suna. Tsohuwa ta ce askar bare ba ta taɓa hawa kan jariri a gidan nan ba, kuma ba za a fara tana raye ba. In na bar Malam Iro ya shigo zaurena ya yi askin, ya kwashi rabonsa na rago kamar ba a yi komai ba, shi ke nan yaran sun gane maganata iska ce. Amma a rumfar nan na yanke masa sharaɗi cikin fushi, kuma ya isa kunnen babban, ya ce wa uwarsa in aka yi masa haka gidan kawunsa a Gwale zai koma ba zai dawo ba. Ni kuma ban taɓa faɗar magana a gaban mutane na janye ba. Iyaye maza da ke nan, ku gaya min gaskiya, in tsaya a kanta ko in haɗiye? Ga abin da na ce masa, masu jiran aski suna ji:

"Malam Iro, askarka ba za ta taɓa kan jaririna ba sai ka zaunar da yayyensa a ƙofar gida ranar sunan, ka cire musu hula da hannunka, ka ƙarasa aikin da ka bari kowa na gani."